Dubu Uku da Kwandon Albasa

Dubu uku na ƙulle a bakin zane,
kuɗin adashe, ban gaya wa kowa ba.
Na hau kabu-kabu daga Mabera
zuwa Tsohuwar Kasuwa, wurin masu littafi.

Mai shago ya baje min su kamar tumatir:
wannan daga Ikko, wannan daga waje,
wannan da batir, a taɓa shi ya yi magana.
Na juya, na shinshina, na tambayi kuɗi,
na ɗauki mai ƙyalli,
yadda fitila ke jan shinge.

Gindin dogon yaro na shimfiɗa tabarma.
Ige, shekara biyar, ta tanƙwashe ƙafa,
Modi, uku da rabi, yana tsotsar yatsa.
Shafin farko: wani yaro cikin rigar sanyi
ya mulmula farin abu, ya gina mutum da shi.
"Inna, mi ne wanga? Fura ta?"
Bazara ce, ko ganye ba ya motsi,
zufa na ɗiga daga haɓata bisa takarda.
Na buɗe baki, na rasa ta cewa.
Modi ya yagi kunnen shafin ya tauna.
Ranar nan shi kaɗai ya ci moriyar littafin.

Kwana uku ina fushi da kaina.

Ran Laraba Kawu Tambari ya iso daga Kwalkwalawa,
kwandon albasa ɗaure bayan keke.
Ya yi tuntuɓe a zaure, igiya ta tsinke,
albasa ta watse kamar an kori awaki.
Ige ta bi su, tana tarawa a siket:
"Ɗaya, biyu, uku,"
har bakwai, sai ta cije.
Ta ɗago wadda ke hannunta, ta dube ni:
"Ita wagga, mi as sunanta?"
Na ce takwas.
Ta ce, "Sannu, Takwas."

Tun ran nan nake tsince-tsince.
Marfin kwalba cike da gwangwanin madara,
ƙwallon dabino, gawayin murhu,
faifai da rairayi, a rubuta a shafe,
ba mai faɗa don an ɓata.
Maƙwabcinmu baduku, Malam Sidi,
ya yanka min baƙaƙe da ragowar jar fata.
A nan na lura: littafin dubu uku
ba shi da ƙa mai lanƙwasa, ba ɓa, ba ɗa.
To da me Ige za ta rubuta ƙofa,
ko ɓeran da ya ci mana shinkafa?

Ban ce takarda banza ce ba.
Yanzu in na shiga shagon, zama nake,
in karanta tun daga bango har bango,
mai shago na tsaki, ina yi kamar ban ji ba.
Ina neman shafin da yaro zai nuna ya ce
ga jakin mai ruwa, ga irin tukunyarmu.
Daga nan in an ja shi nesa, zai bi.
Wayar babansu kuwa, sai na fara gani,
sannan su gani, kafin tuwo ya sulala in karɓe.

Wata rana ba a yin komi.
Modi ya watsa marafe, ni in yi tsawa,
a nannaɗe tabarma kowa na ƙunci.

Mai ƙyallin yana nan ƙasan akwati.
Jiya Ige ta zaro shi, ta daɗe kan farin mutumin,
ta ce, "Ƙanƙara ta, irin ta mai zoɓo.
Garinsu ba su biya."

Da la'asar na tarar da gawayi a bangon ɗaki:
ɗaki, ta rubuta,
ƙugiyar ɗa ta juya baya.
Na ɗauko tsumma na jiƙa.
Na tsaya.
Na matse shi, na shanya a igiya.